Mai Fasa Kwanukan Sarki

Ni ne Kuang Shun, na bakin kogin Chang,
a Jingdezhen, garin da hayaƙi ke kwana a rufin kowa.
Wani ya haƙo farar ƙasa daga dutsen Gaoling,
wani ya kirɓa, wani ya murza a kan faifai.
An ce hannu saba'in da biyu kan taɓa kwano
kafin ya amsa sunansa.
Ni ne na saba'in da uku.
Guduma ce rabona.

Bana fada ta aiko takarda mai jan hatimi:
fararen kwanuka don bagadin Wata,
waɗanda za a jera a daren tsakiyar kaka.
Ba farin alli ba, ba farin auduga ba,
fari irin na kitsen rago da ya kwana cikin sanyi,
wanda ido kan gani, harshe ya ji zaƙi.

Kwana uku tanderu yana haɗiyar itace,
kwana uku muna tsugune muna jiran ya huce.
Ba mai tari da ƙarfi.

Wakilin fada ya zauna a inuwa
da ƙyallen siliki a cinyarsa.
Ya ɗaga, ya ƙyasta da farce, ya kasa kunne.
Cikin ɗari ya ajiye huɗu a damansa,
sauran ya turo mini da ƙafa.
Abin da aka yi domin Ɗan Sama,
in bai kai gare shi ba, ba ya kaiwa ga kowa.

Na fasa mai karkataccen baki.
Na fasa mai muryar da ta dushe.
Na fasa wanda ni ban ga laifinsa ba,
ba a kuma ɗauke ni aiki don in gani ba.
Shekara goma sha tara ke nan,
ramin bayan ganuwa ya san hannuna
fiye da yadda 'ya'yana suka san shi.

Dab da faɗuwar rana na zo kan na ƙarshe.
Aikin tsoho Tan Jiu ne, na gane shi tun daga gindi.
Yana ta ci idonsa, yanzu da yatsa yake gani,
ya ce daga wannan ya ajiye allura.
Laifin kwanon ɗigo ɗaya ne a gefen baki,
baƙi, bai kai ƙwayar riɗi ba.

Na ɗaga shi saitin rana.
Sai ga abin da tsohon ya ɓoye ƙarƙashin ƙyalli:
macijin sama mai farce biyar
yana iyo cikin fari, kamar numfashi a kan madubi.
Ka sauke hannu, ya ɓace.
Ka ɗaga, ya dawo.

Wakili ya tafi shan shayi.
Mai gadi ya juya baya yana ɗaure takalmi.
Rigata tana da faɗi, na sani,
na kuma san wuyan da aka sare bara saboda cokali.

Don haka ban sata ba.
Tulu na jawo, na zuba ruwan kogi,
na sha a tsaye.
Bakin kwanon ya yi sanyi a leɓena,
siriri kamar ɓawon ƙwai,
ruwan kuwa ruwan jiya ne, da ɗanɗanon laka.

Na goge shi da hannun riga,
na kifa shi a kan dutse.
Bugu ɗaya. Ƙararsa ta fi ta duka ɗarin daɗi.

Da dare Tan Jiu ya laluba ƙofata.
Ya ce, nawa ya tafi arewa?
Na ce, an sha ruwa a cikinsa.
Ya yi shiru, ya gyaɗa kai,
ya nemi in kama masa hannu zuwa gada.